Ranar da Maina Ya Ƙi Fitowa Kalaci

Duk wanda ya sha ruwan tsohuwar rijiya a ƙauyukan Dungas, da wuya bai ci gumin Maina ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana haƙar rijiya, shi da amininsa Ɗayyabu. Ɗaya na ƙasa da diga, ɗaya na sama riƙe da igiya, in rana ta take su canja. Tun a lokacin suka kafa wa kansu doka: na sama ba ya kai loma baki sai na ƙasa ya fito. Famfon tuƙa-tuƙa ya zo ya kashe musu kasuwa, gwiwa ma ta ce ta gaji, suka koma noman gero da wake, amma dokar tana nan daram. Kullum da safe Maina zai ɗauko kwanonsa ya tsallaka zauren Ɗayyabu, su haɗa abin da gidajen biyu suka dafa, su ci suna gardama.

Maina ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda in ya ce abu nasa ne, to nasa ne, ko akuya ce ko aboki.

Bara waccan Ɗayyabu ya soma ramewa, ga ƙishirwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Aka kai shi Magariya, likita ya ce ciwon sukari ne. Ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya fara, ya ja masa kunne cewa in ya sha da safe ya bi ta da abinci nan take. A layin asibitin ne Ɗayyabu ya haɗu da Mushe Yakuba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki ya dawo Dungas, wanda shi ma ya shekara tara yana shan irin ƙwayar.

Kafin wata ya zagayo Mushe ya sami wurin zama a zauren. In an gama kalaci sai ga shi da tabarau a karan hanci, da 'yar na'urar da ake huda yatsa a auna jini. Su duƙufa shi da Ɗayyabu suna karanta lambobi, wannan ya ce nasa ya sauka, wancan ya ce madalla, Maina na gefe yana sakace. Ranar awo su shiga mota ɗaya zuwa Magariya, su dawo da labaran da su biyu kaɗai ke wa dariya. Kokon safe mai zaƙi ya ɓace, wake da kwaɗon zogale suka maye gurbinsa. Wata rana Maina ya kawo furar sabon gero, Mushe ya ce, "Ludayi biyu dai, Malam Ɗayyabu." Ɗayyabu kuwa ya sha biyu ya ajiye. Mutumin da shekara talatin Maina bai taɓa ce masa tashi ya tashi ba sai an yi musu! Kishi ya turnuƙe Maina har furar ta fita ransa.

Abin har ya kai shi ga abin kunya. Ya saci jiki ya hau kabu-kabu zuwa asibiti, ya miƙa yatsa a auna shi, yana fatan a ce shi ma ya kamu. Likita ya duba ya ce, "Baba, jininka lafiya lau." Maina ya fito yana tsaki, bai ko yi godiya ba.

Ranar da abin ya ɓaci, suna maganar yadda ƙafa ke yin sanyi, Maina ya sa baki. Ɗayyabu ya ce, ba da wata manufa ba, "Kai ba za ka gane ba, Maina, sai mai shi." Maina ya ɗauki kwanonsa ya fita ba sallama.

Washegari ya ƙi fitowa. Ya zauna a tsakar gidansa ya cinye kalacinsa shi kaɗai, karo na farko tun yana saurayi. Uwani matar Ɗayyabu ta leƙo ta kan darni ta ce, "Malam Maina, an sauke." Ya ce, "Ina tafe." Da hantsi ya ɗaga ta sake kira, ya sake cewa yana tafe, ya miƙe ƙafa a tabarma. A ransa cewa yake, bari ya ci da Mushen nasa, su auna lomar da na'ura.

Kira na uku ihu ne. "Malam Maina, fito! Amininka ba ya gane mutane!"

Ya tarar da Ɗayyabu jingine da bango, gumi ya jiƙa masa riga, hannu na rawa, yana magana ba kai ba gindi. Kwanoni na gabansa a rufe, ko murfi ba a ɗaga ba. Uwani na kuka ta ce, "Tun fitowar rana ya sha ƙwayar. Na yi na yi ya ci, ya ce shi bai taɓa ci ba kai ba."

Maina ya yi abin da ya sani. Ya yayyafa masa ruwa, ya yi masa fifita da hula, ya tofa addu'a, bai ga canji ba. Ana haka Mushe ya yi sallama. Kallo ɗaya ya yi, ya zaro dunƙulen sukarin shayi uku daga aljihu, ya narka a moɗa.

Maina ya riƙe masa hannu. "Sukari? Ga mai ciwon sukari? Kashe shi za ka yi!"

"Sake ni, Malam Maina. Maganin ya janye sukarin jikinsa, ba abinci a ciki. Riƙe mini kansa tun yana iya haɗiya."

Maina ya riƙe kan. Kurɓi-kurɓi aka ba shi. Jim kaɗan rawar ta lafa, idon Ɗayyabu ya dawo daidai, ya sauka a kan Maina.

"Ina ka tsaya?" in ji shi. "Waken ya huce."

Maina ya jawo abincin gabansu. Ya buɗe kwano, ya zauna ya ci a kan ƙoshi, hawaye na zuba, har sai da ya ga Ɗayyabu ya suɗe hannu.

Da Mushe ya tashi tafiya Maina ya taka masa zuwa bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye shi alamomin ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan takalminsa, ya sa ya maimaita masa sau biyu.

Yanzu kafin Ɗayyabu ya ɓare ƙwayarsa Maina na zaune a zauren, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Suna gaisawa da Mushe, har ya kan tura masa tabarma. Amma wanda ya san Maina ya san zuciyarsa ba ta huce ba. Ya yafe zaman mota, ya yafe ludayi biyu. Abin da ke ci masa rai har gobe shi ne, ranar da ran Ɗayyabu ya zo wuya, shi Maina ne ya jawo, kuma a aljihun wani aka sami abin ceto.