Durƙuson Babayo

Da sunan Allah zan fara, shi ya ba ni yaron nan, shi ya san abin da ya rubuta masa. Ku da kuka taso kuka tarar da Babayo zaune a ƙofar gida yana tufka igiyar guga, kuna tsammani haka aka haife shi. To ba haka ba ne. Ni na haife shi, ɗan farina ne, shi ya sa ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba.

Haƙar rijiya ce sana'arsa. Ƙasarmu yashi ce, ka haƙa ta rufto, amma daga Azare har Katagum in rijiya ta gagara shi ake kira. Ga shi da kunya tun yana ƙarami. Da ya auri Zuliha, 'yar Malam Hammawa na Sakwa, sai abin ya ƙaru. In ya hango surukin nan nasa, ko a kan jaki yake sai ya diro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa goshi na neman ƙasa, ba ya tashi sai Malam ya ɓace.

Zuliha kan tsokane shi ta ce, "Wata rana Baba zai leƙo kana cikin rijiya, mu ga inda za ka durƙusa."

Ya ce, "A kan ruwan mana."

Lokacin dariya muke yi.

Yana haƙa wa Fulani rijiya a bayan Hardawa ya ɗago kwandon laka, ya ji abu ya tsinke masa a gadon baya. Ciwo ya gangara ƙafar hagu kamar an zura ƙarfe mai zafi. Wanzami ya yi ƙaho, aka ba shi rubutu ya sha, mai ɗori ya taɓa ya ce wannan ba karaya ba ce. Daga ƙarshe aka sa shi a motar gyaɗa zuwa Kano. Likita ya tsaga bayan, ya ɗebo ƙashi a ƙugunsa ya haɗe gaɓa biyu. Ranar sallama tafintan likita ya ce mana, "Ɗanyen gini ne a bayansa. Ya kwanta a miƙe, ya tashi a miƙe. Kada ya sunkuya, kada ya durƙusa, sai an yanke dawa. In ginin ya goce, ƙafa ta tafi."

Muka cire ƙyauren ɗaki muka shimfiɗa masa. Salla ce ta fara damunsa, sai liman ya zo ya ce ya yi da ishara, Allah ya ɗauke masa ruku'u da sujada. Na yi hamdala. Amma tun ranar zuciyata take Sakwa, don durƙuson can ba wanda ya ɗauke masa.

Sauƙi ya fara samuwa. Yatsun ƙafar suna motsi, yana dafa bango ya kai bakin ƙofa. Gero na fitar da kai sai ga saƙo, Malam Hammawa zai zo dubiya. Na aika a ce ya yi haƙuri sai kaka. Ashe wannan ya tayar masa da hankali, ya ɗauka wani abu muke ɓoyewa.

Ranar kasuwar Azare da hantsi aka ce ga Malam nan tafe, sai na ji Babayo yana ce wa Zuliha ta miƙo masa hula. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kai, me mai jinya zai yi da hula?"

"Sanyi nake ji, Goggo."

"A kai? Ka ji abin da aka faɗa a Kano. Ko sama za ta haɗu da ƙasa kada ka motsa."

Ya ce, "To."

Na tare Malam a zaure na kwashe komai na gaya masa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce, "Subhanallahi, Goggo, ai da haka kika aiko da ban zo ba. Bari in gaishe shi ta bayan asabari, bai gan ni ba, ban gan shi ba, ba sauran kunya."

Na ji sanyi a raina. Zuliha ta fito ta durƙusa gaban babanta, ni kuma uwa ba ta zama a ɗakin ɗan fari, sai na tsaya gefe. Malam ya yi sallama, Babayo ya amsa. Ya jiki, ya gida, ya damina, ya haƙuri. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, murya ko rawa ba ta yi. Malam ya ɗaga hannu ya shiga addu'a.

A cikin amin ɗin ne na lura. Ƙyauren da yake kwance a kai yana can ƙuryar ɗaki. Muryar kuwa ga ta nan dab da asabari, daga ƙasa take fitowa.

Ana tsakiyar addu'a, wa zai katse? Kuma abin da zai faru ya riga ya faru. Ina cewa amin, idona na kan asabari. Malam ya shafa, ya sa albarka, Zuliha ta raka shi.

Na ɗaga asabari. Yana durƙushe, hula a kai, goshi na neman ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ya tafi?"

"Ya tafi. Ai bai gan ka ba, ɗan nan! Don me?"

"Ni ai na ji muryarsa, Goggo. Kira maza su ɗaga ni."

Da aka kwantar da shi na kama babban yatsan ƙafar hagun na mintsina da ƙarfi, har farcena ya shiga. Yana kallon rufin ɗaki. Can ya ce, "Ki taɓa mana mu gani."

Har Malam Hammawa ya rasu yana cewa aikin Kano ne bai karɓe shi ba. Ba wanda ya gaya masa. Babayo ne ya hana.