Zaren Rigar Yaya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, don shi ne ɗanta na fari. "Mutumin naku" take ce masa. Ko ya kira waya daga ƙasar waje, sai ta miƙo mini ta ce, "Tambaye shi ko yana samun abin ci." Ni ce auta, ni nake zaune da ita a gidanmu na Daura tun bayan rasuwar Baba, don haka ni na zama bakinta.

A zuwansa na ƙarshe da ta gani, wata la'asar ya same ta a tsakar gida tana kaɗi. A unguwarmu ita kaɗai ta rage mai taɓa auduga. Na tasa shi gaba, na ce yau sai ya faɗa mana wane irin aiki ne ya fi ƙarfin gida.

Ya ce akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ilektaron, da takwarorinsu fositaron, waɗanda in sun haɗu sai su cinye juna, wani abu dabam ya fito. Ana so a haƙa dogon rami a ƙarƙashin ƙasa, a harbo waɗannan ta nan, waɗancan ta can, su yi karo. Sai ya nuna mazarin Inna.

"Kowace ƙwaya kamar wannan take, ko ta juya dama ko hagu. Za mu sa duk su juya hannu ɗaya, mu ga abin da ya fito, sannan mu sauya musu hannu. In bambancin ya saɓa wa lissafinmu, to akwai wani abu cikin halittar Allah da ba mu sani ba tukuna."

Inna ba ta ɗago ba. Ta dangwali alli, ta murza mazari, ta ce da ni, "Yaushe za a gama ramin?"

Yaya ya yi dariya ya ce ai ko fara shi ba a yi ba, ana jiran manyan ƙasashe su amince. Amma da zarar an amince zai zo ya daɗe.

Bayan tafiyarsa ta ce mini zaren nan na riga ne, wadda mutumin namu zai sa ranar da ya dawo.

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, rami shiru. Yau a ce an ɗaga zama, gobe a ce ana sake duba tsari. Yaya kuwa yana can yana lissafin karon da ba a yi ba. Ni fa abin yana ba ni haushi. Zare ya cika kwando, idon Inna ya fara hazo, tari ya kama ta. Na ce, "Inna, buɗe baki ki ce ya zo mana."

Ta harare ni. "Ke kam Allah ya shirye ki. Ni zan kira shi?"

Na kira shi da kaina, na ce Inna tana son ganinsa. Ya ce, "Ita ta faɗa?" Na ce ba ta faɗa ba. Ya ce in ba ta. Ranar ta karɓi wayar, ta riƙe da hannu biyu, ta ce, "Lafiya lau muke. A yi aiki, Allah ya taimaka." Shi kuwa ya yarda. Ya daɗe cikin mutanen da ke faɗin abin da ke ransu, har ya manta yadda uwarsa take magana. Na so in rotsa wayar da ƙasa.

Ba a jima ba ta ɗaure zaren a tsumma, ta aike ni wajen wani tsohon masaƙi a hanyar Zango. Ta ce a saƙa shi fari, kada a rina, kuma in ya fito kada in kai wa maɗinki, in kawo mata. Sai da muka bar gari a kan babur na gane likkafaninta ta aike ni a saƙa. Na yi kuka har mai babur ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Ta rasu da safe, ana tsakiyar girbin gero. Kafin azahar an kai ta. Yaya ya iso ana zaman makoki, ya rame, furfura ta fito masa. Duk faɗan da na tanada na kasa yi.

Da mutane suka ragu ya shiga ɗakinta. Ya ga mazari a cikin kwandon da babu komai, ya ɗauka ya murza, ya kuɓuce masa ya faɗi. Ya ce, "Auta, kin taɓa ce mini tana yi mini riga. An gama?"

Na ce, "An gama, Yaya. A ciki muka naɗe Inna."