Luguden Gidan Goga a Kan Kibod

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokin aikina, da rikoda a jaka. Sana'ata ba ta da suna a wurin Inna, "taɓe-taɓe" take ce mata. Tsohon kibod na kwamfuta nake samu in rubuta masa manhaja, kowane madanni ya koma sautin ganga ko kalangu. Ita kuwa tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, abu ɗaya take ambata: luguden da suke yi da ƙanwarta a garinsu Gidan Goga. Sun daɗe ba su haɗu ba, hanya ta hana. Shi na fita ɗebo mata.

A Lambar Bakura muka karya da hoce da ƙuli. Direba ya yi ta yabon albasar Bakolori, har muka gane tasa ce a but ɗin mota, ita ke sa mu hawaye tun daga tasha. Mafara cike take da shinkafa da hayaniya. Amma da muka kama hanyar Maradun hira ta mutu, kowa ya zuba wa daji ido yana salati a ciki.

Inna Ƙarama, ƙanwar Inna, na zaune a ɗakin aro a Maradun tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Gidan Goga. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, daka kaz zo ɗauka? Yanzu wa ka daka, ga inji?"

Duk da haka ta aro turmi, ta zuba gero. Sai na ji tana bugu ɗaya ta dakata, bugu ɗaya ta dakata. Na ce ta haɗe shi mana, rikoda na ci.

"A'a. Wanga wuri na yayata na. Ba ni shiga mata."

Ta jawo wata taɓarya da ta yi baƙi don tsufa, ta ce ta Inna ce, da ita ta gudo ta bar tukwane. Ta buga min ita sau ɗaya. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Da muka dawo gida na jera bugun ƙanwar yana zagayawa da giɓinsa, na ɗora sautin tsohuwar taɓaryar a kan dogon madannin ƙasa. Na ajiye wa Inna kibod a cinya. Ta saurara. Giɓi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku ta danna, daidai, ba ta sake kuskure ko ɗaya ba.

Na tafi ina ganin sauti zan ɗebo. Tafiyar nan ta koya min cewa shirun da aka bar wa mutum ya fi sautin nauyi. Inna ta daɗe tana dannawa, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Har yanzu tana sauri, 'yar nema."