Muryar Baba a Rediyon Yaya Hajo

Mai gyaran kwamfuta ya goge mini muryar Baba, kuma har yanzu ban yafe masa ba!

Jiya na kai masa kwamfutata a Tambuwal ya sa mata sabuwar manhaja, don malamarmu ta makarantar manya ta ce tsohuwar ta gaji. A ciki karatun Baba yake, Allah ya jiƙan shi, wanda aka ɗauka a azuminsa na ƙarshe. Sai da mutumin ya gama ya ce, "Hajiya, kin dai kwafe kayanki a filash ko?"

Na ce, "Sai da ka yanka akuya kaka tambayar mai ita?"

Muka duba. Wayam! Na kira yayata Hajo a Kebbe ina kuka. Tana magana, sai na ji tarin Baba a bayanta, ya ja aya.

"Yaya, wa nika ji?"

"Baba mana. Ranar sunan ɗiyarki na sa anka zuba min shi a memorin rediyona, kina ta masifa kar a taɓa miki kwamfuta, har da ce min ɓarauniya. Da shi nika surfe kullum."

"Kashe rediyon nan ki ɓoye shi!"

"Yau kuma ɓarauniya ta yi rana?"

Da sassafe na hau mashin sai Kebbe. Na kwafe karatun a filash biyu, ɗaya akwatina, ɗaya wurin Yaya. Iri ba a aje shi rumbu guda.