Mai Wanki da Ƙafar Jikanta

A layinsu ba a kiranta da komai sai Mai Wanki. Tun da ƙuruciyarta take wanki da guga a tsakar gidan haya, hannunta duk ya yi kanta, in ta matse bargo ko ɗigo ba ya saura. Da surukarta ta rasu wajen haihuwa, ita ta ɗauki jaririn, don ɗanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya. "Maigidana" take ce wa yaron. Shi kuma da ya yi baki sai ya riƙa ce mata, "Tsohuwa, na sake ki!"

Yaron bai taɓa gudu ba. Taku kaɗan sai ya tsuguna yana haki, leɓɓansa su yi duhu. Likita ya ce zuciyar ce da huji. Yana shekara huɗu aka sa shi barci, aka zura siririyar roba ta jijiyar gindin cinyarsa har cikin zuciya, don a ga girman matsalar.

Ba aikin ne ya tsaya mata a rai ba, farkawar ce. Nas ta danne wurin da yatsu kada jini ya ɓalle, ta ce, "Mama, riƙe ƙafar nan a miƙe. In ya lanƙwasa ta, an koma gidan jiya."

Ta riƙe. Yaron ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, ya saki fitsari a katifa, yana cewa, "Kaka, na tuba! Me na yi miki?" Tun hantsi har rana ta karya ba ta saki ba. Shatin yatsunta ya daɗe a ƙwaurinsa.

Da suka koma gida ya daina tsokanarta. In ta miƙo hannu za ta gyara masa riga sai ya noƙe. A wurin maƙwabciya yake cin abinci. An sha wuya kafin ya sake yarda ta goya shi.

Yana shekara bakwai aka ce a maimaita aikin. Tun a bakin ƙofa ta tare nas. "'Yar nan, ki nemi wani. Ni ba na sake danne shi."

"Kwantar da hankalinki, Mama. Kafin ya farka likita zai yi masa allurar kashe zafi daidai wurin. Fatar za ta mutu na ɗan lokaci, ko an danna ba zai ji sosai ba."

Ba ta yarda ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da aka fito da yaron ta zauna gefen gado, hannuwa a hammata.

Ya buɗe ido, ya dubi yatsun nas a cinyarsa, ya dubi kakarsa. "Tsohuwa," ya ce, murya can ƙasa, "an sace min cinya. Ke ce?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye suka biyo. Ta juya wajen nas. "To a wancan karon ina allurar nan take?"

Nas ta kau da kai. "Lokacin ba kowane likita ke yi ba."

Ana cikin haka likita ya kira ta ofis, ya tura mata kujera. Ya ce jijiyoyin huhun yaron sun riga sun lalace, tiyata ba za ta yiwu ba, sai dai magani a lallaɓa. Ta ce ta gode. Ta tsaya a baranda ta wanke fuska kafin ta koma wurin yaron.

Ya ƙara shekara guda da 'yan watanni a duniya, yana fama da tari. Wata safiya tana shanya ta ji tarinsa ya tsaya. Uban yana hanya, sai bayan an binne ya iso. Ya roƙe ta ta koma gidansa, ta ƙi.

Har yanzu tana wanki, sai dai kafaɗa ta fara ba ta matsala. An buɗe shagon injin wanki a bakin layi, yawancin masu kawo mata kaya sun koma can.