Biba da Cokalin Madam Irena

Biba yayata ce, ɗaki ɗaya muka zauna a Minguettes, wata unguwa a wani birni nesa da Paris. Ta zo daga Damagaram a 2006 karatun kimiyya, ta gama, aiki ya ƙi samuwa, sai ta shiga kula da tsofaffi a gidajensu. Biba kuwa murya gare ta kamar tsohon ƙyaure, ko a biki ba a bari ta ba da waƙa.

Aka haɗa ta da Madam Irena a unguwar Bron, tsohuwa 'yar ƙasar Polan. Tsufa ya cinye mata Faransanci kaf, ya bar ta da harshen gida, abinci ma ta daina buɗe masa baki. 'Yarta tana Paris, sai waya.

Akwai wani faifai a gidan, na opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, wanda aka tsara a ƙasarsu tun ƙarni na sha tara. Kiɗan rawar ƙauye ne a ciki, bugu uku-uku, amma nauyin a kan na biyu yake sauka, kamar mai ɗingishi. Wata rana Biba tana dama miya tana bin wata waƙa a ciki, ko kalma ɗaya ba ta ji, sai ta ga tsohuwa tana kaɗa kai, tana buɗe baki a bugu na biyu. Ta zura cokali. Shekara huɗu da haka aka ci, kuma faifan shi kaɗai bai taɓa sa ta ci ba, sai an haɗa da wannan mummunar muryar.

A 2013 aka kira Biba aikin bincike a Paris. Ni na matsa mata, ban ɓoye ba. Na ce ba don ta ba wata cokali tsohonmu ya sayar da gona ba. Ta ɗauki muryarta a waya, ta bar wa wadda ta gaje ta, ta tafi.

Bayan mako biyu 'yar Madam Irena ta kira tana kuka, ta ce tsohuwa ta juya wa wayar baya, ruwa kawai take kurɓa. Biba sabuwa ce a wurin aiki, ta ji nauyin neman izini, ta ce za ta zo Asabar. Ranar Alhamis Madam Irena ta rasu.

Yanzu Biba tana da miji, da albashi, da ɗa. Ta ce ko a metro take, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙarar ƙafafun jirgi bugu ukun nan take yi mata. Bara na kai musu ziyara, na tarar mijinta, Illiassou, shi ke ba yaron kunu, ita tana tsaye a ƙofar ɗaki ta ba su baya. Na tambaye ta lafiya.

Ta ce, "Ba mutuwar ke cina ba, kowa da ranarsa. Da yunwa ta tafi, tana jirana."