Kwalaben Uwar Kwaɗi

Yayata ce, ciki ɗaya, amma ni ma Uwar Kwaɗi nake kiranta in ta ba da baya. Shekara goma sha tara, duk Litinin ni nake kai ta bakin kogin da ke bayan masana'antar fata a tsohuwar motata. Ta sa dogon takalmin roba, ta shiga ruwa har gwiwa, ta cika ƙananan kwalabe uku, ta ƙirga ƙwan kwaɗi a jikin ciyawa. Daga nan sai ɗakin gwajinta a jami'a, inda take auna gubar da ke cikin ruwan. Ragowar ta rubuta masa kwanan wata, ta jera a manyan firji uku. Kwalba kusan dubu uku, su ne shaidarta cewa kogin yana mutuwa.

Laifinta ɗaya, hannunta a sake yake. Duk wanda ya zo neman sakamakon awonta, ɗalibi ko baƙo, sai ta buɗe littafi ta ce ya kwafa. Su je su rubuta maƙala, a buga a manyan mujallu, can ƙasan shafin ƙarshe su sa mata layi ɗaya na godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nata rubutun huɗu ne kacal, a wata ƙaramar mujalla da ko a intanet babu ita. Ta ce a can ma'aikatan ruwa za su gani. Ni dai ban taɓa jin wanda ya gani ba.

Bana jami'a ta fito da sabon ma'auni. Ba ruwansu da abin da ka gano. Kwamfuta ce ke ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalarka a jerin madogararsu, kuma wanda bai kai ɗari ba za a rufe ɗakin gwajinsa a ƙarshen wata. Yaya tana da bakwai.

Ta tattaro maƙala arba'in da ɗaya da aka gode mata a ciki, ta ja jan biro a ƙarƙashin kowace godiya, na ɗaukar mata kwalin zuwa ofishin shugaban sashe. Mutumin nan ita ta koya masa wanke kwalba.

"Malama, wallahi na san aikinki," in ji shi, idonsa a kan tebur. "Amma kwamfuta ba ta karanta godiya."

"To kai ka karanta mata mana. Uku daga ciki ma naka ne."

"Ba daga ni ba ne, daga sama ne."

"Ban roƙi ɗakin ba," ta ce. "Ka bar min firjin kawai, ko a baranda. A jona musu wuta, shi ke nan."

Ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawar.

Sati biyu tana bin tsofaffin ɗalibanta a waya, tana roƙon su ambace ta a rubutunsu na gaba. Matar da ko gishiri ba ta taɓa roƙa a maƙota ba, ina ji tana cewa, "Don Allah, ɗana, ko layi ɗaya ne." Kowa ya ce to, amma maƙala sai ta shekara ba ta fito ba. Raina ya ɓaci har na ce mata ita ta jawo, da ta riƙe littafinta tun farko. Har yau ina jin kunyar maganar.

Ranar Juma'a aka zare wutar firjin. Matata ta kwashe kayan namu firjin, muka haɗa da na gidan Yaya, suka ɗauki kwalba ɗari biyu da 'yan kai. Yaya tana zaune a ƙasa tana zaɓen waɗanda za su tsira, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta sake ɗauka.

Sauran na ce mu juye a kwatar bayan ɗakin gwajin mu huta.

"Kwatar nan lambun mutane take bi," ta ce. "Na san abin da ke cikin kowace kwalba, ƙanina."

Sawu huɗu na yi da mota zuwa bakin kogin. Ta tsaya a ruwa, ina miƙa mata, tana karanta kwanan watan kowace kwalba kafin ta buɗe ta juye. Rana ta take, na ce ta bari in taya ta, ta ƙi. Can ta tsaya da wata a hannu, ta daɗe tana kallonta.

"A watan nan kwaɗin suka daina ƙwai," ta ce. "Gobe in masana'anta ta ce dama haka ruwan yake tun asali, me zan nuna?"

Ta juye, ta miƙo min kwalbar, ta ce in ba ta ta gaba.